Ziyarar Kirista zuwa Wuraren da Littafi Mai Tsarki ya Ambata: Asalinta da Yadda aka Tsai da Wurarenta

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara Kiristoci daga sassa daban-daban na duniya sukan nufi Urushalima da Baitalami da Nazarat da gaɓar Tekun Galili da Kogin Urdun, don su ga wuraren da aka ambata a cikin Littafi Mai Tsarki, su kuma yi addu'a a cikinsu. Mutumin da ya tashi cikin al'ummar da ta saba da aikin hajji yana iya ɗauka cewa wannan tafiya ita ce hajjin Kirista, watau tana da lokaci ƙayyadadde da rukunai da hukuncin wajibci. Al'amarin kuwa ba haka yake ba. Babu inda Sabon Alkawari ya umurci mabiyansa da su ziyarci wani gari ko wani kabari. Hasali ma, a sura ta 4 ta Linjilar Yahaya, an nuna Yesu Almasihu yana gaya wa wata Basamariya cewa lokaci na zuwa da sujada ba za ta rataya ga wani dutse ko ga Urushalima ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda al'adar da ba a wajabta ba ta kafu har ta shekara fiye da 1,600. Abin da za a nuna shi ne karatu ne ya haifi ziyarar. Mai ziyara yana ɗauke da nassi, yana neman ƙasar da nassin ya ambata, don ya karanta shi a tsaye a kanta. Daga wannan tushe ne sauran siffofinta suka tsiro: muhimmancin sunayen wurare, da samun wuri biyu ko uku ga aukuwa guda, da jayayyar ɗariƙu a kan mallaka, da kuma kwaikwayon Urushalima a ƙasashe masu nisa.

2.0 Kalmomin da ake Kiran Ziyarar da Su

A Hausa, kalmar "hajji" ta keɓanta ga rukunin Musulunci na biyar, ita kuwa "ziyara" ta fi faɗi, domin ana amfani da ita ga zuwa Madina, da zuwa kaburburan bayin Allah irin su Hubbaren Shehu a Sakkwato. Saboda haka "ziyara" ko "ziyarar ibada" ta fi dacewa da tafiyar Kirista, tun da ita ma ganin dama ce. A Latin, kalmar da aka yi amfani da ita ita ce "peregrinus", wadda asalin ma'anarta baƙo ne, mutumin da yake wata ƙasa ba tasa ba. Daga gare ta ne yawancin harsunan Yammacin Turai suka sami kalmarsu ta mai ziyara.

Sai dai Kiristocin Gabas, waɗanda suka zauna ƙarnoni da dama a ƙarƙashin daulolin Musulunci, sun ari laƙabin daga maƙwabtansu. A zamanin Daular Usmaniyya, Bagirke ko Babulgare ko Basabiye da ya ziyarci Urushalima yakan liƙa "Haji" a gaban sunansa, har laƙabin ya zama ɓangaren sunayen zuriya da yawa a ƙasar Girka da Kuburus. Kiristocin Larabawa sukan kira irin wannan mutum "maƙdisi", Kibɗawan Masar su ce "muƙaddis", duka daga tushen da ya ba da Ƙudus da Baitul Muƙaddas. Armeniyawa sun ari kalmar suka mai da ita "mahtesi", daga baya kuma suka fassara ta da harshensu da ma'anar wanda ya ga mutuwa. Wannan ya nuna cewa ko da hukuncin ya bambanta, darajar da jama'a ke ba wanda ya je ya dawo kusan ɗaya ce a addinan biyu.

3.0 Mafarin Ziyara

3.1 Kafin Kustantin

A shekarar 70 Miladiyya sojojin Rum a ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin Urushalima. Bayan wani tawayen Yahudawa da aka murƙushe a 135, Sarki Hadiriyan ya gina sabon birni a kan kufan, aka sa masa suna Iliya Kafitolina. Wannan suna ne Larabawa suka riƙe a matsayin "Iliya'u" har farkon zamanin Musulunci. Ke nan birnin da Linjila ta siffanta ya riga ya shiga ƙarƙashin wani birnin tun ƙarni na biyu.

Waɗanda aka fara sanin zuwansu a wannan zamani malamai ne masu neman tabbatar da nassi. Melito, bishop na Sardis, ya yi tafiya zuwa Gabas wajen shekarar 170 don ya tantance adadin littattafan Tsohon Alkawari a ƙasar da al'amuran suka faru. Orijin, wanda ya zauna a Kaisariya a ƙarni na uku, ya bi wuraren da kansa. Da ya lura cewa Betanya da aka sani tana dab da Urushalima, nesa da Kogin Urdun, sai ya zaɓi karatun "Betabara" a Yahaya 1:28, inda ake maganar wurin da Yahaya ya yi baftisma. Shi ne kuma ya ba da labarin cewa a zamaninsa ana nuna wani kogo a Baitalami a matsayin wurin haihuwar Almasihu, ko da yake Linjila ba ta ambaci kogo ba. Bayansa Yusibiyus na Kaisariya ya tsara wani ƙamus na sunayen wuraren Littafi Mai Tsarki, mai ɗauke da kusan suna 1,000, yana faɗin inda kowanne yake da nisansa daga garuruwan zamaninsa.

3.2 Gine-ginen Ƙarni na Huɗu

Al'amura sun sauya bayan 313, lokacin da aka halatta addinin Kirista a Daular Rum. Bayan taron Nikiya na 325, Sarki Kustantin ya ba Makariyus, bishop na Urushalima, izinin rushe wani haikalin gumaka da aka gina tun zamanin Hadiriyan. Da aka tone ƙarƙashinsa aka sami kabarin da aka sassaƙa cikin dutse, aka kuma yarda cewa shi ne na Almasihu. A kansa aka gina Cocin Kabari Mai Tsarki, aka keɓe shi a 335. Mahaifiyar sarkin, Helena, ta ziyarci ƙasar wajen 326 zuwa 328, an kuma danganta mata ginin coci biyu, ɗaya a kan kogon Baitalami, ɗaya a Dutsen Zaitun. Labarin cewa ita ce ta gano itacen gicciye bai bayyana a rubuce ba sai kusan ƙarshen ƙarnin, kuma Yusibiyus, wanda ya yi zamani da ita, bai ambace shi ba.

Gini ya jawo matafiya. A 333 wani mutum daga Bodo ta ƙasar Faransa ta yanzu ya rubuta zango-zangon tafiyarsa har Urushalima, da nisan da ke tsakanin kowane masauki da na gaba. Amma bayanin da ya fi kowanne amfani shi ne na wata mata mai suna Egeriya, wadda ta fito daga yammacin daular ta yi yawo tsakanin 381 da 384, ta hau Dutsen Sina'i da Dutsen Nebo, ta kai har Haran. A 1884 aka gano rubutunta a garin Arezzo na Italiya. Ta bayyana cewa duk inda ayarinsu ya isa sukan yi addu'a, a karanta nassin da ya shafi wurin, a rera zabura da ta dace, sa'an nan a sāke yin addu'a. Abin da ya fi ƙayatar da ita a Urushalima shi ne yadda kowane karatu yake dacewa da ranar da kuma wurin. Wannan tsari nata, na haɗa nassi da wuri, shi ne ƙashin bayan ziyara har yau.

Rubutun Egeriya yana da wata fa'ida ga masu nazarin harshe. Ta ce bishop yakan yi wa'azi da Girkanci, wani limami yana tsaye yana fassarawa zuwa Suriyanci saboda mutanen ƙasa, wasu kuma suna yi wa baƙi bayani da Latin. Har wa yau Latin ɗin da ta yi rubutu da shi ya kusanci na baka, don haka masana suke neman alamun mafarin harsunan Sifaniya da Faransa da Italiya a cikinsa.

4.0 Saɓanin Malamai

Tun da babu nassin da ya wajabta ziyara, ba a daɗe ba aka fara jayayya a kan amfaninta. Girigori na Nisa, wanda ya je Urushalima wajen 380, ya rubuta wasiƙa yana hana ruhubanawa, watau masu zuhudu, yin tafiyar. Hujjarsa ita ce sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah, hanyar tana cike da fitina, birnin kuma bai fi sauran birane tsarkin hali ba. Jerom, wanda ya zauna a Baitalami daga 386 har rasuwarsa a 420, inda ya yi babban ɓangare na fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya tsaya a tsakiya. A wani wuri ya nuna cewa wanda ya ga ƙasar Yahudiya da idonsa ya fi fahimtar nassi, a wani wurin kuma ya gaya wa wani abokinsa cewa abin yabo shi ne kyakkyawan zama, ba isa Urushalima kawai ba.

A tsakiyar zamanai Cocin Yamma ta haɗa ziyara da kaffara: ana iya ɗora wa mai babban laifi tafiyar, ana kuma alkawarta wa mai ziyara sassaucin horon zunubi. Wannan ne ya sa jagororin gyaran addini na ƙarni na 16 suka yi mata ca. Martin Luta ya soke ta a 1520, yana ganin gara mutum ya kashe kuɗin a kan iyalinsa da matalautan garinsu. Jan Kalbin kuma ya rubuta littafi a 1543 yana sukar girmama kayayyakin da ake dangantawa da tsarkaka. Sakamakon haka Furotesta sun ƙaurace wa ziyara kusan shekara 300.

5.0 Ziyara a Ƙarƙashin Dauloli

Mai ziyara baƙo ne, don haka tafiyarsa kullum tana hannun mai mulkin ƙasar. A ƙarni na shida Sarki Justiniyan ya sāke gina cocin Baitalami, wanda shi ne yake tsaye har yanzu, ya kuma gina gidan ruhubanawa a gindin Dutsen Sina'i. A wannan ƙarni ne aka shimfiɗa taswirar ƙasar da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen wani coci a Madaba, cikin Jodan ta yau, da sunayen wurare da Girkanci. A 614 Farisawa suka ci Urushalima suka ƙone coci da yawa. Wajen 638 birnin ya miƙa wuya ga Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, ruwaya kuma ta nuna cewa ya ƙi yin salla a cikin Cocin Kabari don kada a mai da shi masallaci a bayansa. Ziyara ta ci gaba: wajen 680 wani bishop mai suna Arkulf ya je ya dawo, aka rubuta labarinsa a tsibirin Ayona na Sikotilan.

A 1009 Halifan Faɗimiyya, Al-Hakim, ya sa aka rushe Cocin Kabari, ba a gama gyara shi ba sai 1048. A 1095 Fafaroma Urban na Biyu ya yi kiran da ya haifar da Yaƙe-yaƙen Gicciye, mayaƙan kuma suna kiran kansu masu ziyara. Sun ci Urushalima a 1099 da kisan jama'a mai yawa, Musulmi da Yahudawa. Su ne suka haɗa wurin gicciyewa da kabarin a ƙarƙashin rufi ɗaya, aka keɓe ginin a 1149, kuma akasarin abin da ake gani yau nasu ne. Salahuddini ya karɓe birnin a 1187, yarjejeniyar 1192 kuma ta ba Kirista damar ziyara ba tare da makami ba. Bayan faɗuwar Akka a 1291 mulkin Turawa ya ƙare, a 1342 kuma Fafaroma Kilemen na Shida ya danƙa wa 'yan ɗariƙar Faransis na Asisi kula da wuraren a madadin Katolika, aikin da suke riƙe da shi har yanzu. A ƙarni na 14 da na 15 jiragen ruwan Benis sukan kwashi masu ziyara zuwa Yafa bisa yarjejeniyar da ta haɗa kuɗin jirgi da abinci da haraji da hayar jakuna.

6.0 Yadda ake Tsai da Wuri

6.1 Shaidar Sunaye

Furotesta sun komo ƙasar a ƙarni na 19 da wata manufa dabam, watau su ga tuddai da kwaruruka da ƙauyukan da nassi ya ambata, ba gine-ginen ɗariƙu ba. A 1838 wani malamin Amurka, Edward Robinson, ya zaga ƙasar tare da Eli Smith, wanda ya ƙware a Larabci. Dabararsu ita ce sauraren sunayen da manoman Falasɗinu ke kiran ƙauyukansu, domin sunan wuri yakan daɗe fiye da harshen da ya haife shi. Ta haka aka daidaita Anata da Anatot, Baitin da Betel, Mukhmas da Mikmash, Al-Jib da Gibeyon. Wani lokaci kuma ziyarar ce da kanta take haifar da suna: Betanya ta zama Al-Azariyya saboda kabarin Li'azaru da ake ziyarta a can. An buga sakamakon binciken a 1841, a 1865 kuma aka kafa wata ƙungiya a Landan don auna ƙasar da tone kufanta.

6.2 Matakai Uku na Tabbaci

Ana iya kasa wuraren ziyara kashi uku. Na farko su ne waɗanda yanayin ƙasa ya tabbatar, irin su Tekun Galili, mai tsawon kilomita kusan 21, da Kogin Urdun da Dutsen Zaitun da Kwarin Kidron. Ana iya haɗawa da wasu da tono ya fito da su, kamar tafkin Betasda, da tafkin Siluwam da aka gano a 2004, da kufan Kafarnahum, inda aka sami coci mai kusurwa takwas na ƙarni na biyar a kan wani gida da aka daɗe ana girmamawa a matsayin na Bitrus.

Kashi na biyu su ne waɗanda tsohuwar ruwaya ta tsayar, shaida kuma ba ta saɓa musu ba. Cocin Kabari yana cikin wannan kashi. Yau yana tsakiyar tsohon birni, alhali nassi ya nuna an gicciye Almasihu a bayan gari. Amma bincike ya nuna cewa a farkon ƙarni na ɗaya wurin tsohuwar mahaƙar duwatsu ce a wajen ganuwa, da kaburbura na wannan zamani a cikinta, sai a tsakanin 41 da 44 aka faɗaɗa ganuwar ta kewaye shi.

Kashi na uku su ne waɗanda ake da wuri fiye da ɗaya. Imuwasu tana da akalla wurare huɗu da ake dangantawa da ita, dalili kuwa shi ne tsofaffin kofen Linjilar Luka sun saɓa a kan nisanta daga Urushalima, wasu suna da 60 na ma'aunin Girkawa, wasu 160. Kana ta Galili tana da Kafar Kanna da Khirbat Ƙana. Wurin baftisma yana da Al-Magtas a gaɓar gabas cikin Jodan, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, da Ƙasar al-Yahud a gaɓar yamma daura da shi, da kuma Yardenit da aka buɗe a 1981 can arewa, domin saukaka wa baƙi a lokacin da wancan yake rufe saboda dalilan soja. Kabarin ma yana da kishiya. A 1883 Janar Godon, wanda aka kashe a Hartum bayan shekara biyu, ya yaɗa ra'ayin cewa wani dutse a arewacin Ƙofar Dimashƙu shi ne Golgota. Wata ƙungiyar Ingila ta sayi lambun da ke kusa a 1894, aka kira shi Kabarin Lambu. Masana sun nuna cewa kabarin ya girmi zamanin Almasihu da ɗaruruwan shekaru, amma Furotesta da yawa sun fi son wurin, domin ya fi kama da hoton da karatu ya zana musu.

Hanyar Azaba, wadda ake bi da gicciye kowace Juma'a, ita ma haka take. Tana da zango 14, tara a kan titi, biyar a cikin Cocin Kabari. A Turai aka fara raya wannan ibada, Fafaroma Kilemen na Goma Sha Biyu ya tsai da adadin a 1731, daga baya aka daidaita titunan Urushalima da shi. Masana tarihi da yawa kuma suna ganin Bilatus ya yi shari'ar ne a fadar Hirudus, a yammacin birnin, ba inda hanyar take farawa a yau ba. A nan ana ganin ƙasa ce ta bi ibada.

7.0 Mallaka da Dokar Barin Kome Yadda Yake

Wurin da kowa yake so ba ya rasa rikici. Ɗariƙu shida ne suke da haƙƙi a Cocin Kabari: Girkawa 'yan Otodoks da Katolika da Armeniyawa su ne manya, sa'an nan Kibɗawa da Habashawa da Suriyaniyawa. Sarakunan Usmaniyya, waɗanda suka mallaki ƙasar daga 1517 zuwa 1917, sun fitar da dokoki a 1757 da 1852 da suka ce kowace ɗariƙa ta tsaya a kan abin da ke hannunta, har da lokutan ibada da fitilu da wuraren shara. Ɓacewar tauraron azurfa daga kogon Baitalami a 1847 tana cikin abubuwan da suka rura gaba tsakanin Faransa da Rasha kafin Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856. Yarjejeniyar Balin ta 1878 ta amince da wannan tsari, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka gāje shi.

Alamun tsarin a fili suke. Akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin wata taga a fuskar cocin da yake nan tun ƙarni na 18. Mabuɗin ƙofar yana hannun gidan Judah, buɗewa da rufewa kuma aikin gidan Nusaiba ne, dukansu Musulmi. Kibɗawa da Habashawa suna jayayya a kan Dair as-Sulɗan, wani ɗan gidan ruhubanawa a bisa rufin. Ko gyara ma sai an yi yarjejeniya: ɗakin da ya rufe kabarin, wanda aka gina a 1810 bayan gobarar 1808, ya daɗe yana neman faɗuwa, ba a gyara shi ba sai a 2016 zuwa 2017.

8.0 Ɗaukar Urushalima zuwa Gida

Tun da nassi ne asali, wanda bai iya tafiya ba yana iya jawo wurin zuwa ga nassin. Masu ziyara na dā sukan koma da 'yan tulunan mai ko ruwan Urdun da ganyen dabino, Kibɗawa da Armeniyawa kuma sukan yi zanen gicciye a hannu a matsayin shaida. Wasu suka wuce nan suka kwaikwayi gine-ginen. A Landan an keɓe wani coci mai siffar da'ira a 1185 bisa fasalin Cocin Kabari. A Habasha, majami'un Lalibela da aka sassaƙa cikin dutse wajen ƙarni na 12 zuwa na 13 ana ɗaukar su sabuwar Urushalima, rafin da ya ratsa su ma ana ce masa Yordanos. Kusa da Mosko an kafa gidan ruhubanawa mai suna Sabuwar Urushalima a 1656. Hotuna 14 da ke jikin bangon majami'un Katolika a ko'ina su ma ziyara ce da aka taƙaita.

9.0 Zamanin Yanzu da Kiristocin Nijeriya

Jirgin ruwa mai tururi ya rage wahalar tafiya. Thomas Cook ya kai ayarinsa na farko a 1869, aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Yafa zuwa Urushalima a 1892, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma dubban talakawan Rasha sukan zo kowace shekara. Amma siyasa ba ta saki ziyara ba. Daga 1948 zuwa 1967 tsohon birnin Urushalima da Baitalami suna hannun Jodan, Nazarat da Galili suna hannun Isra'ila. Bayan yaƙin 1967 Isra'ila ta mamaye Gabashin Urushalima da Gaɓar Yamma, a 1995 kuma Baitalami ta koma ƙarƙashin Hukumar Falasɗinawa. Bayan sulhun Masar da Isra'ila na 1979, shugaban Cocin Kibɗawa, Shenuda na Uku, ya hana mabiyansa zuwa Urushalima. Annobar 2020 da yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 sun tsai da zuwan baƙi, har aka soke bukukuwan Kirsimeti na fili a Baitalami a 2023. Waɗanda wannan ya fi shafa su ne Kiristocin ƙasar, masu sassaƙa itacen zaitun da masu masaukai da 'yan jagora, waɗanda ƙaura take ta rage yawansu. A Baitalami kuwa, mai tazarar kilomita kusan 10 daga Urushalima, mazaunin garin yana bukatar izini kafin ya isa wurin da baƙo daga wata nahiya yake shiga kai tsaye.

Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1973, ta maido da ita a 1992. A 2007 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ziyarar Kirista bisa doka, shekara guda bayan dokar da ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, jihohi da yawa kuma suna da hukumominsu. A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi ziyarar yana kan mulki. Wanda ya dawo yakan liƙa haruffan JP a bayan sunansa, watau wanda ya ziyarci Urushalima. A nan ana ganin abin da ya faru a Daular Usmaniyya ya maimaita kansa: zama tare da masu laƙabin Alhaji da Hajiya ya sa ziyarar ta sami hukuma da laƙabi. Ga Kirista mai karatu da Hausa kuwa, sunayen da yake tafiya da su, Urushalima da Baitalami da Kafarnahum da Urdun, ya same su ne daga fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka fara buga cikakkiyarta a 1932, alhali maƙwabcinsa Musulmi ya san birnin da Ƙudus ko Baitul Muƙaddas ta hanyar Larabci.

10.0 Kammalawa

An ga cewa ziyarar Kirista ta faro ne daga malamai masu neman tabbatar da nassi, ta bunƙasa da gine-ginen ƙarni na huɗu, ta sami tsarinta na addu'a da karatu tun zamanin Egeriya, ta kuma rayu a ƙarƙashin Rumawa da Larabawa da Turawa da Turkawa. An ga kuma cewa wuraren ba darajarsu ɗaya ba ta fuskar tarihi, don haka ya kamata malami da ɗalibi su riƙa bambance abin da yanayin ƙasa ya tabbatar da abin da ruwaya ta tsayar da abin da ibada ta zaɓa. Wannan bambancewa ba ta rage wa mai ziyara kome, domin abin da ya fita nema shi ne ya ji nassin a inda aka ce ya faru. Ga masu nazarin harshe da al'adu kuwa, akwai fage a buɗe: yadda sunayen waɗannan wurare suka shigo Hausa ta ƙofa biyu, ta Larabci da ta fassarar Littafi Mai Tsarki, da yadda Kiristoci masu magana da Hausa suke ba da labarin tafiyarsu idan sun dawo.